Daidaita Akwatin Tattaunawa a Allon Kwamfuta

Akwatin tattaunawa shi ne ƙaramar tagar da manhaja ke buɗewa a kan babbar tagarta idan tana neman amsa daga mai aiki. Shi ne ke tambayar inda za a adana takarda, ko kwafi nawa firinta za ta buga, ko da gaske ana so a goge abin da aka zaɓa. Galibi yana ɗauke da ɗan bayani, da guraben cikewa, da maɓallai biyu ko uku daga ƙasa, irin su OK da Cancel. Da yawa daga cikin akwatunan nan ba sa bari a taɓa babbar tagar sai an amsa musu. Saboda haka idan maɓallin amsa ya nutse ƙasan allo, ko rubutun tambayar ya gutsure, aiki ya tsaya ke nan, ko da sauran manhajar lafiyarta lau.

Daidaita akwatin yana nufin tsara shi ta yadda zai fito cikakke, a iya karanta shi, a iya latsa maɓallansa, ko a wane irin allo aka buɗe shi, kuma ko wane girman rubutu mai kwamfutar ya zaɓa. Matsalar ta girmi yawancin masu fama da ita a yau. Ta taso ne tun da aka fara kwamfutoci masu tagogi, daga Xerox Star ta 1981 zuwa Macintosh ta 1984 da Windows ta farko a Nuwamban 1985, kuma har yanzu ana cin karo da ita a shagunan buga takardu da wuraren cike fom na intanet, irin waɗanda suka cika Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri a kudancin birnin Kaduna.

Ɗigo ba ma'auni ba ne

Hoton da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗige-ɗige masu haske, waɗanda ake kira fiksil, a jere kamar zaren tsaye da na kwance a saƙa. Idan aka ce allo 1366 × 768 ne, ana nufin ɗigo 1366 a faɗi, 768 a tsayi. Wannan adadi ya yi ta hawa. Tsarin VGA da kamfanin IBM ya fitar a 1987 ɗigo 640 × 480 ne. Aka koma 800 × 600, sai 1024 × 768 a 1990, sai 1280 × 1024 a allunan tebur, sai 1920 × 1080, har zuwa 3840 × 2160 da ake ce wa 4K.

Adadin ɗigo kaɗai ba ya faɗin girman abin da ido zai gani, domin shi ɗigon ba shi da tsayayyen girma. Kamar mudu yake: sunan ɗaya ne a ko'ina, amma na wannan kasuwa bai kai na waccan ba. Allon tebur mai inci 17 da ɗigo 1280 × 1024 yana da ɗigo kusan 96 a kowane inci. Laftof mai inci 14 da 1366 × 768 tana da kusan 112. Wata laftof ɗin mai inci 14 amma 1920 × 1080 tana da kusan 157, mai inci 15.6 da 4K kuwa ta haura 280. Maɓallin da aka yanka wa faɗin ɗigo 75 zai kai kusan santimita 2 a allon farko. A mai 157 kusan milimita 12 ne, a na ƙarshen kuma ko milimita 7 bai cika ba. Mai rubuta manhajar da ya ce wa kwamfuta "sa maɓalli mai faɗin ɗigo 75" bai faɗi girman komai ba tukuna.

Abu uku ne ke cuɗanya a nan, kuma ana yawan rikita su. Akwai ainihin adadin ɗigon da aka ƙera allon da shi. Akwai adadin da aka saita kwamfuta ta riƙa aika masa, wanda yana iya zama ƙasa da na ainihi. Sannan akwai sikelin rubutu, wato zaɓin da ke cikin saitunan Windows na kashi 100 ko 125 ko 150 cikin ɗari. Tsofaffin allunan nan masu ƙusumbi a baya, masu kama da tsohuwar talabijin, ba su damu da adadin da aka aika musu ba. Allon faranti na zamani kuwa adadi ɗaya yake fitarwa tsaf. Duk wani adadi daban sai ya shimfiɗa shi a kan ɗigonsa, sai rubutu ya fito dishi-dishi, ko da'ira ta koma siffar ƙwai.

Daga 72 zuwa 96

Masu ɗab'i suna auna harafi da ma'aunin da ake kira foyin, kuma a lissafin kwamfuta foyin 72 ne inci ɗaya. Apple ta yi allon Macintosh ta farko, mai ɗigo 512 × 342, a kan ɗigo 72 a inci, don foyin ɗaya ya zama ɗigo ɗaya, abin da ke allo ya yi daidai da abin da zai fito a takarda. Microsoft ta zaɓi 96, wato ƙarin kashi ɗaya bisa uku, bisa hujjar cewa mutum yana zama nesa da allo fiye da yadda yake riƙe takarda, don haka rubutun allo yana bukatar ƙarin girma. Wannan 96 ba awon wani allo ba ne, lamba ce da aka yarda a yi lissafi da ita. Ita ce Windows ke kira kashi 100 cikin ɗari har gobe. Kashi 125 shi ne 120, kashi 150 shi ne 144, kashi 200 kuma 192. Harafi mai foyin 9 yana cin ɗigo 12 a kan 96, ya ci 15 a kan 120, ya ci 18 a kan 144.

Tun farko masu tsara Windows sun hango cewa auna akwati da ɗigo zai kawo matsala, sai suka yi wata dabara da ta cancanci yabo: suka auna akwatin da harafin da za a rubuta cikinsa. Ma'aunin akwati ɗaya a kwance shi ne kashi ɗaya bisa huɗu na matsakaicin faɗin harafi, a tsaye kuma kashi ɗaya bisa takwas na tsayin harafi. Ana samun matsakaicin faɗin ne ta auna haruffan boko 52, manya da ƙanana, a raba. Mai rubuta manhaja yana ba da girman kowane abu da wannan ma'auni, sai Windows ta juya shi zuwa ɗigo lokacin buɗe akwatin, kuma akwai umarnin MapDialogRect ga wanda yake so ya yi juyin da kansa. Idan harafi ya girma, akwatin da duk abin da ke cikinsa sai su girma tare, kamar telan da ya auna mai riga kafin ya sa almakashi.

Maɓallin da aka saba gani yana da ma'auni 50 a faɗi, 14 a tsayi. Da zubin harafin MS Sans Serif mai foyin 8 a kan 96, matsakaicin harafi ɗigo 6 ne a faɗi, 13 a tsayi, don haka maɓallin ya fito ɗigo 75 × 23. A kan 120 harafin ya koma 8 da 16, maɓallin ya zama 100 × 28. A nan gizo ke saƙa. An ce an ƙara kashi 25 cikin ɗari, amma faɗin ya ƙaru da kashi 33, tsayin kuma da kusan 22, domin ba a raba ɗigo biyu, dole harafi ya faɗa kan cikakkiyar lamba. Duk abin da ba a auna shi da harafi ba, kamar tambarin kamfani ko hoton da aka liƙa a gefen akwati, yana nan da girmansa na da, sai rubutu ya hau kansa ko ya bar masa fili fetal. Haka kuma mai rubuta manhaja da ya ƙara wani gurbi daga baya, ya ba shi wuri da lambar ɗigo tsagwaronta, ya haɗa ma'auni biyu a akwati ɗaya. A kwamfutarsa ba zai ga aibin ba. Canjin zubin harafi ma ya taɓa lissafin: Windows 2000 da XP sun koma Tahoma, Vista ta zo da Segoe UI mai foyin 9, kuma kowanne da nasa faɗin.

Visual Basic, wadda aka rubuta ɗimbin manhajojin ofis da na shaguna da ita a shekarun 1990, tana da nata ma'aunin mai suna tuwif, 1440 a inci ɗaya. A kan 96 ɗigo ɗaya tuwif 15 ne, a kan 120 kuma 12. Masu rubuta manhaja da yawa sun rubuta 15 ɗin nan a cikin lissafinsu kamar ba ta canzawa, kuma fom ɗinsu yana wargajewa da zarar an ƙara girman rubutu.

Gyare-gyaren da aka yi

Har zuwa zamanin Windows XP, idan mutum ya zaɓi manyan haruffa, Windows tana faɗa wa kowace manhaja sabuwar lambar ne kawai, ta bar ta da halinta. Vista, wadda ta fito kasuwa a Janairun 2007, ta kawo wata hanya. Manhajar da ba ta bayyana cewa ta iya lissafin sikeli ba, sai Windows ta ce mata allon 96 ne, ta bar ta ta zana akwatinta a ɓoye, sannan ta ja hoton ta buɗa shi ya kai girman da ake so. Komai yana zama a wurinsa, amma rubutun yana yin hazo-hazo kamar hoton da aka yi wa fotokwafi sau uku. Wannan ne asalin dishi-dishin da ake gani a tsofaffin manhajoji a kan sababbin laftof.

Windows 8.1 ta 2013 ta ba kowane allo damar zama da nasa sikelin, ta kuma ƙirƙiro saƙon WM_DPICHANGED da ake aika wa taga idan an ja ta daga wani allo zuwa wani. Sai dai aikin sake auna komai yana wuyan mai manhaja. A sabuntawar Windows 10 mai lamba 1703, a Afrilun 2017, aka fitar da zubi na biyu na wannan tsari, wanda a cikinsa Windows da kanta take sake auna akwatunan tattaunawa da kan taga da jerin zaɓi. A lokacin ne kuma aka ƙara wata hanyar da ke sake zana rubutun wasu tsofaffin manhajoji tsaf, maimakon a ja hotonsu.

Sauran kayan rubuta manhaja sun bi nasu hanyoyin. WPF ta Microsoft, daga 2006, ta ɗauki kashi ɗaya bisa 96 na inci a matsayin ma'auni, ba ruwanta da ainihin ɗigo. Java da Qt tun da can ba sa son a kafa wa maɓalli wuri da lamba. Suna da masu shirya fili, waɗanda ake gaya wa "wannan a dama da wancan, wannan ya cinye sauran wurin", su kuma su auna rubutu su raba. Duk da haka sai a Qt 5.6 ta 2016 da Java 9 ta 2017 suka samu cikakken lissafin alluna masu yawan ɗigo a kan Windows. Apple ta kauce wa yawancin wahalar da ninki: iPhone 4 ta 2010 ta zo da ɗigo 960 × 640, ninki biyu cif na wadda ta gabace ta a faɗi da tsayi, don haka babu guntun lamba. Android kuma tun daga zubi na 1.6 a 2009 take auna abubuwa da ma'aunin dp, wanda ɗigo ɗaya ne a allo mai ɗigo 160 a inci, biyu a mai 320, uku a mai 480, tare da sp na rubutu, wanda ke bin girman da mai waya ya zaɓa. Shi ya sa wayoyin Tecno da Infinix da itel masu faɗin ɗigo 720 galibi suke zama dp 360 a idon manhaja, daidai da wasu wayoyin masu ɗigo 1080.

A shafukan intanet, abin da ake kira fiksil ma ba ɗigon allo ba ne, ma'auni ne da aka ɗaura a kan 96 ɗin nan. Tun 2010, lokacin da Ethan Marcotte ya bayyana tsarin shafi mai sauya zubi gwargwadon faɗin allo, aka samu hanyar da shafi ɗaya zai dace da waya da kwamfuta. Amma akwatin da ke faɗowa a tsakiyar shafi, wanda aka kafa wa tsayi kuma aka hana shafin da ke bayansa gungurawa, yana nan yana ɓoye maɓallin Submit.

Yadda abin yake a kudancin Kaduna

Ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi yankin masana'antu ne tun asali. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980 can gefen gari. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, ɗimbin mutane a Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Narayi da Unguwar Romi da Sabon Tasha suka koma ƙananan sana'o'i. Ɗaya daga cikinsu ita ce shagon kwamfuta, wanda ake ce wa bizines santa ko kafe, inda ake buga takarda, a yi fotokwafi, a ɗauki fasfo, a duba sakamakon WAEC da NECO, a cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki, a fitar da takardar biyan kuɗi ta Remita.

Yawancin kwamfutocin irin waɗannan shaguna na hannu ne, tokumbo, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka shigo ta Legas. A shago ɗaya ana iya samun allon tebur mai kusurwa huɗu na 1280 × 1024, da laftof mai 1366 × 768, da wata sabuwa-sabuwa mai 1920 × 1080, wani lokaci har da talabijin da aka jona a matsayin allo. Wanda ya rubuta manhajar ko shafin da ake cike fom ɗin a kansa kuwa, mai yiwuwa yana zaune ne gaban allo mai inci 24 ko 27, inda komai ke samun wuri.

Lissafin tsayi ne ya fi cutarwa. A Windows 10 sandar ƙasan allo tana cin ɗigo 40, a Windows 11 kuma 48. Laftof mai tsayin 768 tana da sauran kusan 728. Akwatin da aka yi wa tsayin 700 zai shiga da ƙyar. Idan mai shagon ya ƙara sikeli zuwa kashi 125 saboda idonsa, ko saboda dattijon da ke son ya ga sunansa kafin a tura, akwatin ya koma 875, maɓallansa sun tafi ƙasan allo. Abin mamakin shi ne sabuwar laftof ba ta tsira ba. Mai inci 14 da 1920 × 1080 Windows kan sa mata kashi 150 da kanta, don haka tsayinta a idon manhaja 720 ne, ƙasa da na tsohuwar. Akwatin nan na 700 zai bukaci ɗigo 1050, alhali a Windows 10 ɗigo 1020 ne suka rage bayan sandar ƙasa. Mutum ya sayi wadda ta fi tsada, ya samu rubutu mai kyau, amma fili ya ragu. Ƙananan laftof na ƙarshen shekarun 2000, masu 1024 × 600, su ne suka fi kowa shan wannan wahala.

Akwai kuma laifin da ba na manhaja ba ne. Kowane allo yana ɗauke da ɗan bayanin kansa, wanda ake kira EDID, yana aika wa kwamfuta ta cikin waya don ta san adadin ɗigonsa. Wayar VGA mai arha, ko wadda wani haƙorinta ya karye, ko mahaɗin da ke juya VGA zuwa HDMI, suna iya hana bayanin wucewa, sai Windows ta yi zato, ta ba da adadin da bai dace ba. Haka idan mai gyara ya yi wa kwamfuta fomatin bai sa direban hoto ba, Windows za ta yi aiki da direban wucin gadi, wanda sau da yawa yake tsayawa a 1024 × 768. A kan allo mai faɗi, sai fuskar da ke fasfo ta baje kamar an danne ta, a yi ta ɗora wa kamara laifi.

Ɗaliban zanen gini da safiyo, irin na sashen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, suna aiki da manhajoji irin su AutoCAD masu akwatuna cunkushe da zaɓi, kuma duk wanda ya taɓa jona laftof ɗinsa da majigi don nuna aiki ya san ɓangare na biyu na matsalar. Idan aka sa allon biyu su nuna abu ɗaya, laftof ɗin tana sauka zuwa adadin da majigin zai iya ɗauka. Idan aka raba su, kowanne da sikelinsa, tsohuwar manhaja sai ta fito ƙato a ɗaya, mitsitsiya a ɗayan. Wasu manhajojin kuma suna tuna wurin da aka rufe akwati a ƙarshe. An cire majigi, an koma gida, akwatin yana buɗewa a allon da babu shi, manhajar ta yi shiru kamar ta sandare, alhali amsa take jira.

Jarrabawar shiga jami'a ta sa batun ya shafi kusan kowane gida. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma cibiyoyin da take amincewa da su suna ɗauke da ɗaruruwan kwamfutoci a zaure ɗaya. A irin wannan wuri daidaiton allo batu ne na adalci, domin ɗalibin da sai ya gungura kafin ya ga zaɓi na huɗu bai yi daidai da wanda ya ga tambayar duka a kallo ɗaya ba. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas na kibod: A da B da C da D na amsa, P na komawa baya, N na ci gaba, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. An yi shi ne saboda ɗaliban da ba su saba da linzamin kwamfuta ba, amma ya dace da wata tsohuwar ƙa'ida ta tsara akwati, cewa duk abin da ake latsawa da linzami a iya kai masa ta kibod.

Harshe da tsawon rubutu

Kudancin birnin Kaduna mahaɗar harsuna ce. Gbagyi ne 'yan asalin wurin, ga Bajju da Atyap da Adara da Ham da Yarabawa da Ibo da wasu da yawa, kuma Hausa da Ingilishi ne ake ciniki da su. Kwamfutocin shaguna kusan duk da Ingilishi suke, amma manhajojin da aka fassara suna ƙaruwa: Microsoft ta fitar da ƙunshin Hausa na Windows 7, Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara a 2013, Facebook ya zo da Hausa a 2016, wayoyin Android da yawa kuma suna da ita a jerin harsuna.

Fassara tana canza awon akwati kamar yadda sikeli ke canza shi. Wasu kalmomin suna raguwa, kamar Cancel da ya zama Soke. Amma kalmar fasaha guda ta Ingilishi sau da yawa sai an yi mata jimla a Hausa, kuma maɓallin da aka yanka daidai da kalmar asali ba zai ɗauke ta ba. Abin da ke faruwa shi ne a gutsure ƙarshen, ko a sa ɗigo uku. A Hausa wannan yana da haɗari na musamman, domin korewa tana da ƙafa biyu, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, kuma sharaɗi ko gargaɗi yakan zo a bayan jimla. Saƙon da aka yanke wa wutsiya yana iya barin mai karatu bai san ko an tura fom ɗinsa ko ba a tura ba.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin haruffa 52 da ake auna matsakaicin faɗi da su, kuma tsofaffin zubin harafi da yawa ba su da su sam. Idan babu, ko dai a ga ɗan akwati fanko a madadinsu, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, wanda faɗinsa da tsayinsa daban ne, sai layin ya yi tsalle. Harsunan da ke sa alamar karin sauti a saman wasali ko ɗigo a ƙasa, kamar Yarabanci da Ibo, suna bukatar ƙarin fili a tsaye, in ba haka ba gurbin rubutu ya aske alamar. Ajami kuwa daga dama yake farawa, don haka akwatin gaba ɗaya ake juyawa, lakabi ya koma dama, maɓallai su koma hagu.

Abin da ake yi

Ga mai rubuta manhaja, ƙa'idojin ba su da yawa, bin su ne ke da wuya. Ya bar rubutu ya yanke girman abin da ke ɗauke da shi, ya yi amfani da masu shirya fili maimakon lambobin ɗigo, kada kuma ya haɗa ma'auni biyu. Ya bayyana wa Windows gaskiyar abin da manhajarsa ta iya: wanda ya ce ya iya sikeli alhali bai iya ba ya fi wanda ya yi shiru ɓarna, domin na biyun dishi-dishi kawai zai yi, na farkon kuwa rubutunsa zai tsattsage akwati. Hotuna da tambura a ajiye su girma-girma, ko a zana su da layi yadda za su buɗe ba tare da sun farfashe ba. Kafin a buɗe akwati a tambayi filin da ya rage a allon da ake kai, a tabbatar yana ciki. Idan abin da ke ciki ya fi allo tsayi, tsakiyar ce za ta gungura, maɓallan amsa su tsaya a inda ido ke ganinsu. Dogon fom kuma gara a raba shi shafi-shafi. A waya, Google tana ba da shawarar kada abin latsawa ya gaza dp 48, Apple kuma foyin 44, saboda girman kan yatsa.

Gwaji shi ne inda aka fi yin sakaci. Manhajar da za a yi aiki da ita a Nijeriya ya kamata a gwada ta a 1366 × 768 da kashi 100 da 125, da 1920 × 1080 da kashi 150, da allo biyu masu sikeli daban, da rubutun fassara mafi tsawo. Mafi ƙarancin allon da Windows 11 ta amince da shi mai tsayin ɗigo 720 ne, don haka ko a ƙa'idar Microsoft ba a wuce wannan iyaka ba tukuna.

Mai shago kuma yana da nasa dabarun. A mayar da allo kan adadin da Windows ta ba da shawara, a sa direban hoto, a canza wayar da ake zargi. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta, sikeli ake ƙarawa, ba adadin ɗigo ake ragewa ba. Idan akwati ya nutse, a danna Alt da doguwar sandar tazara tare, sannan M, sai a ja shi da maɓallan kibiya, kuma wannan hanyar ce ke dawo da akwatin da ya maƙale a allon da aka cire. Tab yana zagaya gurabe da maɓallai ko ba a ganinsu, Enter yana latsa babban maɓalli, Esc yana sokewa. A shafin intanet, Ctrl da alamar ragewa suna tsuke shafi har maɓallin ya bayyana, F11 kuma yana kawar da sandunan sama. Tsohuwar manhajar da ke dishi-dishi ana iya danna mata linzami ta dama, a shiga bayananta, a shafin Compatibility a zaɓi wanda zai yi lissafin sikelin, ita ko Windows.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da yawancin laftof na hannu masu 1366 × 768 ba su cika ba. Su ne kuma ofisoshin ƙasashen waje ke sallama idan sun sabunta kayan aiki, su kuma dillalai su loda su a kwantena zuwa Legas, daga nan a hau da su Arewa.